Duba-gari da Tsando: Mafarin Aikin Lafiya a Ƙasar Kano

Lokacin da annobar marisuwa ta auka wa ƙasar Kano a shekarar 1918, babu wata ma'aikata da aka ɗora wa alhakin tsare lafiyar jama'a baki ɗaya, sai dai kowane gida ya nemi wanzaminsa da mai maganinsa, malamai kuma su duƙufa ga addu'a. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, al'amarin ya sami tsari: En'e ta gina asibitin birni da kuɗin baitulmali, aka jawo ruwan famfo daga kogin Challawa a 1931, sa'an nan a 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta, wadda daga cikinta ne ake yaye ma'aikacin nan da jama'a suka laƙaba wa suna duba-gari.

Aikinsa kuwa ba na ba da magani ba ne. Yakan leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro a ciki, ya duba salga da kwata, ya tsaya a mahauta tun da asuba ya ga naman da za a sayar, wanda ya saɓa kuma a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Mutane sun ji tsoronsa, wasu sun ƙi shi, musamman da yake shigar baƙon namiji cikin gidan aure abu ne mai nauyi a shari'a da al'ada. Amma a ganina ya zo da ilmin da ya cika wani giɓi, domin fiƙihu ya koya mana hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canja, alhali ruwan da ya halatta a yi alwala da shi yana iya ɗauke da kurkunun da zai kwantar da manomi damina guda.

A kudancin ƙasar, wajen Bebeji da Ƙiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, inda famfon Challawa bai kai ba, babban abin tsoro yana bakin rafi. Ƙasa ce mai dausayi da kurmi, inuwar kurmin nan kuwa ita ce mazaunin ƙudan tsando, wanda ke cizon mace a mashaya da makiyayi a magangara, ya sa wa mutum ciwon barci, ya sa wa shanu sammore. Da cutar ta yi tsanani a Arewa cikin shekarun 1930, sai hukuma ta kafa rundunar ma'aikata ta musamman ƙarƙashin Dakta Lester, waɗanda ke bin ƙauyuka, dagaci ya tara jama'a a gindin bishiya, a shafa wuyan kowa ana neman kaluluwa. In an ji ta kumbura sai a tsaga ta da allura, a duba ruwan a madubin likita, wanda aka samu da cutar kuma a jera masa allurai na makonni.

Da aka fahimci cewa allura kaɗai ba za ta wadatar ba muddin tsando na nan, sai aka koma ga gatari. A Anchau ta lardin Zazzau, maƙwabciyar wannan yanki, masanin ƙwari Dakta Nash ya jagoranci sare kurmin rafuka tun daga ƙarshen shekarun 1930, aka haƙa rijiyoyi masu bakin siminti, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Littattafai sun riƙe sunayen likitocin, amma talakawa ne suka yi saran, sau da yawa bisa tilas, kuma a kansu aka ɗora wajibcin komawa kowace shekara su share tohon da ya fito, don kada inuwa ta dawo bakin ruwa tsando ya biyo ta.