Wa Ya Ba Shi Izinin Cire Haƙori?

Daga Jega zuwa Aliero, har a gangara Maiyama, wanda ciwon haƙori ya hana barci ba ya tambayar takarda. Duk wanda ya riƙe awartaki, wanzami ne ko mai shagon magani, shi ne likita a daren nan. Amma doka ba haka ta ce ba.

Tun 1963 aka kafa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN. Ita ke yi wa likitan haƙori rajista, tana sabunta masa lasisi duk shekara, kuma yin aikin ba da rajistarta ba laifi ne. Masu taimaka masa wajen wanke haƙori da masu ƙera na roba kowanne da hukumarsa da iyakar aikinsa. A nan ne ake yawan tsallake gona da iri: wanda aka horar ya ƙera haƙori sai ya buɗe shago, ya rataya farar riga, jama'a na kiransa dakta, shi kuma bai taɓa musawa ba. Shagon kansa sai Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta yi masa rajista, na'urar hoton haƙori kuwa sai da izinin hukumar NNRA.

Wani zai ce ai Aliero ta yi suna da masu ɗori, ba su kuma da lasisi. Gaskiya ne, sai dai cire haƙori aikin jini ne. Awartakin da ya fito daga bakin wani ya shiga na wani yana iya ɗauko ciwon hanta nau'in B, kuma tsoma shi a ruwan ɗumi ba ya kashe ƙwayar. Ƙa'ida ita ce a turara kayan a tukunyar matsi, zafi ya kai digiri 121, aƙalla minti 15. Wannan tukunya ce, a ganina, ya kamata mai duba shago ya fara nema kafin ya dubi takardar da ke bango.

Rufe shaguna kaɗai ba zai wadatar ba. Muddin manomin Maiyama sai ya biya kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi kafin ya ga likitan haƙori, wanzami zai koma. Idan gwamnatin jiha ta ajiye likita ko da ɗaya ne yana zagaya manyan asibitocin garuruwan uku a ranaku sanannu, sa'annan jami'anta za su sami bakin tambayar mai shago lasisinsa.