Ba tsufa ne ke kashe kwamfuta ba

Mutanen da suka mayar da kwance kwamfuta da ɗaura ta abin sha'awarsu sun daɗe da sanin wani abu da masu sayar da sababbi ba sa son a yawaita faɗa: kwamfutar da ake kuka da ita cewa ta tsufa, galibi sashe ɗaya ko biyu ne suka gaza a cikinta, sauran kuwa lafiya lau suke. Babban mai laifi shi ne faifan ajiya mai juyawa. Yana juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurarsa kuma sai ta yi tafiya kafin ta kai inda bayanin yake, abin da ke cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a kowane nema. Idan aka tuna cewa kunna Windows kaɗai na buƙatar dubban irin wannan nema, za a gane inda jiran ke fitowa. Faifan ajiya na SSD kuwa ba shi da wani abu mai motsi, saboda haka yana amsawa cikin ƙiftawa. A sauya faifai mai juyawa da SSD, a ƙara RAM daga gigabait 4 zuwa 8, sai kwamfutar shekara goma ta koma aiki kamar an ɗauke mata kaya daga ka.

Mai laifi na biyu shi ne zafi, kuma wannan ya fi shafar mu. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, fanka ta yi ta ƙugi ba tare da ta fitar da zafin ba, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. Da zarar furosesa ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Mai kwamfutar sai ya zaci ta mutu, alhali buroshi da ɗan sabon mai ne maganinta. Duk wannan gyara ya dogara ne ga abu guda: a iya kwance noti a kai ga cikin na'urar. Haka tsarin ya taso tun 1981, lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa da ramukan da kowane kamfani zai iya ƙera wa kati. Wannan buɗaɗɗen tsari ne ya haifar da kasuwar kayan hannu da ta cika Computer Village a Ikeja da shagunan titin Beirut a Kano, inda ɗalibi ke samun na'urar da aljihunsa zai ɗauka.

Abin damuwa shi ne ana rufe wannan ƙofa. Kamfanoni da yawa yanzu suna liƙe RAM da dalma a jikin babban allo. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na Apple sun daɗe ba a iya ƙara musu RAM ko kaɗan bayan an saya. Microsoft kuma ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi Windows 11 na neman sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, sai 'yan kaɗan da aka ware. Miliyoyin na'urori masu ƙoshin lafiya suka zama tsofaffi da umarni kawai.

Masu ƙera su suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. RAM ɗin da aka liƙe yana kusa da furosesa, ya fi sauri, yana shan wuta kaɗan, batir ya daɗe. Amma an riga an nuna cewa ana iya samun wannan amfani ba tare da dalma ba: nau'in LPCAMM2, wanda Lenovo ya sa a ThinkPad P1 na 2024, da noti ake ɗaura shi. Kamfanin Framework kuma tun 2021 yake sayar da sirarar kwamfuta da sukurudireba ɗaya ke kwance ta. Batun tsaro ma gaskiya ne, domin TPM na kare makullan sirri, sai dai akwai na'urorin ƙarni na shida da na bakwai da ke ɗauke da shi, aka kuma bar su a waje. Irin waɗannan, idan aka maye gurbin Windows da su, Linux Mint ko Ubuntu na ci gaba da ba su sabuntawar tsaro kyauta.

Akwai masu cewa ɗan koyo ɓata kaya yake yi idan ya kwance kwamfuta. Yakan faru, musamman idan ya manta ya cire batir ko ya taɓa allo jikinsa ɗauke da cajin lantarki. Sai dai asarar RAM guda ba ta kai ta jefar da kwamfuta sukutum ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tabbatar an sake sarrafawa yadda ya kamata. Wani ɓangare na sauran yana ƙarewa ne a wurare irin Agbogbloshie na Accra, inda matasa, da yawansu daga arewacin Ghana, suka shafe shekaru suna ƙona waya don fitar da jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin, har hukuma ta rushe wurin a 2021.