Kama da wane ba wane ba ce: canjin inji a manyan motocin shiga rairayi

Hanyar ƙasa mai lamba 1 ita ce uwar hanya a gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa na jihar Maraɗi. Daga Gidan Rumji takan bi ta Tsibiri da mararrabar Maraɗi, ta miƙa gabas zuwa Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. Amma da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nufi ƙauyuka, sai rairayin jigawa da rani, da damina kuma ga laka a kwarin Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba. Saboda haka ne motar da ke ja da ƙafa huɗu take da daraja a wannan yanki. Ita ke kai ɗan kasuwa wurin sayen gyaɗa da wake, ita kuma ake bugawa ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama. Ranar da injinta ya mutu, mai ita da ƙauyensa duka suna cikin asara.

Yadda aka saba tun da

Canjin inji tsohuwar sana'a ce ga bakanikan ƙasar nan. Tsohuwar Land Rover, wadda ta daɗe tana yi wa ma'aikatan gwamnati hidima a karkara, tana da inji mai lita 2.25. Na isansi ya fito a shekara ta 1958, na gazuwal ya biyo baya a 1961, kuma ginin gangar jikinsu ɗaya ne. Bakanike mai ido yakan cire wannan ya ɗora wancan, ya gyara hanyar mai da ƴan wayoyi kaɗan, mota ta koma aiki. Haka aka yi ta yi da Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, haka kuma ake yi da Toyota har yanzu.

Wannan sabo ne ya sa mutane da yawa ke ɗauka cewa kowace mota haka take. To, amma cikin motocin gwanjo da suka shigo daga Turai da Amurka akwai wani jinsi da ba ya bin wannan ƙa'ida, wato manyan motoci masu inji mai zugazugi. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Range Rover mai ɗauke da rubutun Supercharged a bayanta. Farashinta na gwanjo yakan faɗi ƙwarai idan ta tsufa, shi ya sa take jan hankali, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mene ne zugazugin inji?

Maƙeri ya san cewa gawayi ba ya narkar da ƙarfe sai an zuga shi. Haka inji yake: yawan iskar da ta shiga cikinsa shi ne gwargwadon man da zai iya ƙonawa, shi ne kuma gwargwadon ƙarfinsa. A wannan mota an ɗora wata na'ura ta kamfanin Eaton na Amurka a saman injin, mai sanduna biyu masu murɗiya, bel yana juya su daga injin kansa, suna cusa iska da ƙarfi. Bambancinta da turbo shi ne turbo hayaƙin mota ke juya shi.

Iskar da aka matsa takan yi zafi, don haka aka yi mata nata ruwan sanyayawa dabam, da nata ƙaramin radiyato da famfon lantarki. An kuma sassauta matsin fistan zuwa kashi 9.1 bisa 1, domin kada mai ya kama wuta kafin lokacinsa. Da wannan dabara injin mai lita 4.2, mai fistan 8, yake ba da ƙarfin dawaki kusan 400, alhali ɗan'uwansa mai lita 4.4 marar zugazugi yana tsayawa wajen 300.

Suna ɗaya, injuna dabam-dabam

Rikicin ya samo asali daga tarihin kamfanin. BMW ta Jamus ta mallaki Land Rover daga 1994 zuwa 2000, Ford ta Amurka ta karɓa daga 2000 zuwa 2008, daga nan ya koma hannun Tata ta Indiya. Kowane maigida ya bar alamarsa a ƙarƙashin bonet. Range Rover da ta fito a 2002 tana da injin BMW mai lita 4.4 da akwatin giya mai hawa 5. A 2005 aka maye gurbinsa da injunan Jaguar, mai lita 4.4 da mai lita 4.2 mai zugazugi, tare da akwatin giya na ZF mai hawa 6, a shekarar kuma aka fito da Range Rover Sport. A 2009 mai lita 5.0 ya zo da ƙarfin dawaki 510. A 2010 kuma sai ga wani mai lita 4.4 na gazuwal.

Ke nan idan dillali a Maraɗi, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a Ladipo ta Legas ya ce yana da “4.4 na Range Rover”, aƙalla injuna uku ne ke amsa wannan suna, kuma babu wanda ke shiga gurbin wani kai tsaye. Lambar 4.2 ma tarko ce, domin injin gazuwal na Toyota Land Cruiser da ake kira 1HZ shi ma lita 4.2 ne, amma ban da wannan lamba babu abin da ya haɗa su.

Wuraren da ake duba dacewa

Na farko shi ne mazauni. A babbar Range Rover ta waɗannan shekaru, kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji shi ke ɗauke da giyar ƙafafun gaba, sandar da ke juya ƙafa ɗaya ma ta cikinsa ta ratsa. Injin 4.2 mai zugazugi da aka ciro daga motar Jaguar ta kan kwalta dangi ɗaya ne da nata, amma kaskonsa da wasu kayan jikinsa dabam ne, sai an kwashe na tsohon injin an mayar masa.

Na biyu shi ne akwatin giya, wanda bakanikai ke kira buwat. Ramukan kusoshi su dace bai wadatar ba, domin buwat ɗin yana da tasa kwamfutar da aka tsara bisa ƙarfin wani inji takamaimai.

Na uku shi ne cikin injin. Akwai mai tunanin sayen 4.4 na Jaguar marar zugazugi ya ɗora masa zugazugin tsohon. Daga waje kamar tagwaye suke, amma faɗin kogon fistan na 4.2 milimita 86 ne, na 4.4 kuwa 88, kuma matsin na 4.4 ya haura kashi 10 bisa 1. Idan aka zuga shi a zafin Afirilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40, fistan ne zai biya kuɗin kuskuren.

Na huɗu, wanda ya fi kayar da bakanikan da suka ƙware a ƙarfe, shi ne kwamfutar inji da ake kira ƙwaƙwalwa. Ita da mabuɗi da agogunan gaban direba an ɗaure su da lambar sirri ɗaya don hana sata, kuma tana musayar saƙo da birki da buwat da jakunkunan iskar da motar ke zaune a kansu. Inji lafiyayye yana iya zama daram a gurbinsa ya ƙi tashi, don kawai ƙwaƙwalwa ba ta gane mabuɗi ba. Wannan aiki na mai na'urar bincike ne, kuma irin waɗannan masu sana'a a manyan birane suka fi yawa.

Na biyar shi ne sanyayawa. Galibin waɗannan injuna zafi ne ajalinsu: bututun ruwa na roba ya tsufa ya fashe, ko ƙurar hunturu da ƙaiƙayi su toshe radiyato, gangar jikin kuwa ta alminiyam ce, ba ta jure tafasa. Wanda ya ɗora sabon inji a kan tsohon radiyato da tsofaffin bututu ya sake gayyato abin da ya kashe na farko.

Kwaɗayin komawa gazuwal

Tun da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, isansin da ƴan ruwa-ruwa ke saidawa cikin kwalabe a bakin hanya ya daina arahar da aka san shi da ita. Dama kuma injin mai zugazugi ba ya son man da ba a san asalinsa ba, sai mai kyau na gidan mai. Wannan ya sa tunanin ɗora 1HZ yake da daɗin ji, tunda tun fitowarsa a 1990 an san shi da juriya, famfonsa ba ya buƙatar kwamfuta, kuma kayansa ba su da wuyar samu.

Sai dai lissafin yana da tsawo. Injin 1HZ dogo ne mai fistan 6 a jere, na baƙin ƙarfe mai nauyi, ƙarfinsa dawaki 130 ne ko kusa da haka, kuma yana kai ƙarshen ƙarfinsa a juyi 3,800 cikin minti, alhali na Jaguar sai a 5,750. Buwat ɗin motar ba zai yi aiki da shi ba, dole a kawo na Toyota, a yanka a yi walda, a ƙera sababbin sandunan juyi, a sake dabarar giyar gaba. Bayan an gama, sauran kwamfutocin motar za su ci gaba da neman ƙwaƙwalwar da aka cire. Ana iya yin aikin, amma abin da zai fito mota ce da babu littafin da ya san ta, wadda mutum ɗaya tak ya san hanyar wayoyinta. In ta tsaya tsakanin Gangara da Gazawa, ko a bayan Gidan Sori, sai an nemo wannan mutum.

Ga kuma batun takardu. Kart giriz tana nuna irin man da mota ke sha da ƙarfin da ake lissafa mata haraji da inshora a kansa. Wanda ya canja inji ya bar takarda yadda take, ranar haɗari zai ga kamfanin inshora ya sami hujja a kansa.

Abin da ya kamata mai mota ya yi

Kafin a ba dillali ko dala, a fara gano abin da ya kashe tsohon injin, domin wani lokaci gyaransa ya fi canjinsa sauƙi. Idan canji ya zama dole, a tafi da lambar shasi da lambar da aka buga a jikin injin, a nemi mai lita ɗaya, na shekaru ɗaya, daga mota iri ɗaya. A auna matsin kowane fistan, a duba ko ruwa ya gauraya da baƙin mai, a karɓi takardar duwan da ta ciniki, a kuma rubuta sharaɗin mayarwa a gaban shaidu. Tsohuwar ƙwaƙwalwa da wayoyinta a adana su, domin su ne motar ta sani. Zuwa da kai ya fi saƙo: bakaniken da zai yi aikin shi ya kamata ya je ya ga injin da idonsa.

Wanda kuwa bai riga ya saya ba, ya tambayi kansa inda motar za ta kwana da wanda zai gyara ta. Ga mai zirga-zirga tsakanin Yamai da Maraɗi a kan kwalta, mai zugazugi tana da daɗin tafiya. Ga wanda ƙauye guda ke dogara da motarsa a Agye ko Cadakori, motar da bakaniken garinsu zai iya tayarwa kafin gari ya waye ita ce ta fi amfani.