Riruwai: Tsohuwar Mahaƙar Kuzar Kano

Mu mutanen arewacin Kano sanin dutse bai dame mu ba. Daga Dambatta zuwa Makoɗa har Kunci ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gona na jingine da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, sai gawo da kuka tsattsaye a tsakani. Masu haƙar rijiya ne kaɗai a cikinmu suka san abin da ke ƙarƙashi: rairayi a sama, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse, sannan wani dutse mai taurin da ke mayar da bakin diga. Wannan na ƙarshen ya haura shekara miliyan 500, rairayin da muke nomawa kuwa iska ce ta kwaso shi daga arewa a wani zamanin fari mai tsawo. Shi ya sa in aka ce wa manomin garinmu jihar Kano na da mahaƙar ma'adinai ta ƙarƙashin ƙasa, sai ya ɗauka zolaya ce.

Akwai ta kuwa. Tana Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙuryar kudu, bayan an wuce Tudun Wada an ratsa dajin Falgore. Can duwatsu ne ke yi wa mutum maraba, ruwan sama ya fi namu yawa, sanyin hunturu kuma ba wasa.

Duwatsun nan ba sa'o'in na ƙarƙashin gonakinmu ba ne, ƙannensu ne nesa ba kusa ba. Wani masani, J. D. Falconer, shi ya bambanta su tun 1911, ya kira su ƙananan duwatsu a shekaru. Kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, dutse mai aman wuta ne a inda Riruwai take yau. Ya yi ta amayar da toka da narkakken dutse har cikinsa ya zama fanko, sai rufinsa ya rufta ciki kamar yadda bakin tsohuwar rijiya ke zaftarewa. Ta tsagar da ta kewaye wurin sabon narkakken dutse ya taso ya daskare, shi ya sa tsaunukan suka yi zobe. Ba Riruwai kaɗai ba ce. Jeri ne guda da ya faro daga duwatsun Azbin a Nijar, ya bi ta Damagaram da Dutse, ya gangara Jos har Afu a jihar Nasarawa, kuma duk ka ƙara yin kudu shekarun duwatsun na raguwa.

Wajen hucewa ne arzikin ya samu. Da dutsen ya fara sanyi sai ya tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa bi ta tsagogin ɗauke da narkakkun ƙarafa, yana ajiye su sannu a hankali. Babbar jijiyar da ya bari ta miƙe gabas da yamma, tsawonta wajen kilomita 5. A cikinta akwai kuza, wadda ke haɗe da iskar da muke shaƙa, ba ta ruɓewa, ba ta narkewa a ruwa. Akwai kuma tutiya da dalma, su kuwa da farar wuta suke haɗe. Tozalin gargajiya mai ƙyalli da ake niƙawa a sa a ido, dalma ce da farar wuta.  A kwarin Kaffo da ke yankin kuma akwai dutse mai ɗauke da yuraniyom. Masana R. R. E. Jacobson da W. N. MacLeod sun wallafa cikakken nazarin duwatsun Riruwai a 1977.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ba da labarin kuza kamar Bature ne ya gano ta. Ruwan damina ya daɗe yana farfasa jijiyoyin nan yana tara baƙin yashi mai nauyi a rafuka, mutanen wurin kuma sun daɗe da sanin wanke shi a ƙwarya, su narka da gawayi da zugazugi. Sukan zuba narkakkiyar kuzar ta fito sirara kamar tsinke, a ɗaure dami-dami, fatake su ɗauka. Da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa kuza da tozali cikin kayan da ƙasar ke samarwa da kanta. Garuruwa biyu suka yi suna da sana'ar: Riruwan Kano, wato Riruwai ɗin nan, da Riruwan Dalma ta ƙasar Bauchi. Waɗannan tsinkayen kuzar ne suka kai bakin Binuwai, 'yan kasuwar Ingila suka gani suka fara cigiyar inda ake samo su. Kamfanin Neja ya turo masu bincike a 1902, ma'aikacinsa H. W. Laws ya hau tudun Jos a shekarar da ta biyo, kafin 1910 kuwa kamfanoni sun yi caa. Dokar Turawa ta ce duk abin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, aka raba wa kamfanoni filaye, maƙeran da suka gaji sana'ar suka rasa inda za su ɗebi yashi. Cikin 'yan shekaru wutar maƙerarsu ta mutu, 'ya'yansu suka koma lebura a kan ramin ubanninsu.

Daga nan labarin ya shigo gidajenmu. A ƙasar da gona ta yi wa mutane kaɗan, da an kai amfani rumbu sai samari su ɗaure kaya su tafi ci-rani, kuma shekaru da dama "an tafi kuza" amsa ce da kowa ya gane. A garinmu na taso na tarar da tsofaffin da ke ba da labarin ɗaukar kwanon ƙasa a ka daga asuba, heluma na tsaye yana ƙirga sawu. Wasu sun dawo da keke da kuɗin aure, wasu da tari. Mafi muni shi ne 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza. Aka shiga kwasar talakawa daga lardunan Arewa ala tilas, abin da ake kira ɗiban gwamna, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. A shekarun 1950 kuma Amurka ta shiga sayen kwalambait, wani ma'adini da a da ake zubarwa a matsayin datti, Najeriya ta zama mai samar da mafi yawansa a duniya.

Duk wannan wankin yashi ne a sama. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka nutsa cikin jijiyar Riruwai kanta, aka fasa ramuka masu zurfi, aka kafa injinan niƙa dutse don a fitar da kuza da tutiya, da hannun Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya. Aikin bai yi tsawon rai ba. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ya tsaya, a Oktoban 1985 kuma kasuwar kuza ta rushe a Landan, farashi ya faɗi da kusan rabi. Ba ma'adinin ne ya ƙare ba, lissafin ne ya daina fita.

Masu diga da shebur suka gaji wurin, har yau suna nan. Tarin niƙaƙƙen dutsen da aka bari ma yana nan, kuma shi ne abin lura. Kuza ba ta da wata illa a kwance, amma dutse mai farar wuta in aka niƙa shi aka bar shi ga iska da ruwan sama, ruwan na yin tsami, ya narkar da dalma da sauran ƙarafa masu guba, ya bi da su rafi da rijiya. Mun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, a Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, yara kimanin 400 suka mutu. Samarinmu na yanzu irin waɗannan ramukan suke zuwa ci-rani, suna murza zaiba da hannu don tace zinariya suna ƙona ta su shaƙi tururin.

Kundin tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun danƙa duk ma'adinai ga gwamnatin tarayya, Abuja ke ba da lasisi. To, tunda a kai a kai ana maganar farfaɗo da Riruwai, ni a ganina kafin a sa hannu a kan kowace takarda, a fara auna ruwan rijiyoyin garin da jinin yaransa, a karanta sakamakon da Hausa a ƙofar fadar hakimi.