GORON SALLAH BA SAI ALAWA BA

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar an sauko daga Idi a Azare, an kuma kalli hawan Mai Martaba Sarkin Katagum, sai yara su bazu cikin gari ƙungiya-ƙungiya, sanye da sababbin tufafi, suna bin gidajen kakanni da gwaggonni da kawunnai da maƙwabta don gaisuwar barka da Sallah. Haka ake yi a Madara da Cinade, haka kuma a tsohon garin Katagum, inda sarautar ta zauna kafin a mai da ita Azare a 1916. Duk gidan da suka shiga ba su fita hannu rabbana, kuma abin da aka ba su shi ake kira goron Sallah.

Wannan al'ada ce mai kyau, domin ita ke koya wa yaro sanin danginsa da girmama na gaba. A da akan ba yaro ɗan kwabo, ko dabino, ko nakiya da alkaki na gida. Yanzu kuwa galibin magidanta kan sayo kwalin minti da cingam da biskit da lemon kwalba, saboda sun fi sauƙin rabawa. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wa iyaye illar da ke tattare da haka, a kuma nuna musu abubuwan da za su iya bayarwa a maimakonsu.

Lissafin Yini Guda

Mai gida da ya ba yaro minti uku ba ya ganin ya yi wata ɓarna, kuma gaskiyarsa ne. Amma yaron ba gida ɗaya ya je ba. A ɗauka ya shiga gida goma, kowane gida an ba shi uku. Kafin magariba ya tara minti talatin. Idan kowane ɗaya yana da nauyin giram 3, wanda kusan duk sukari ne, to yaron ya sha abin da ya kusa giram 90. Idan ya ƙara da lemon kwalba guda mai santilita 35, ya ƙara wajen cokalin shayi tara na sukari.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, kuma ya fi kyau a rage shi zuwa giram 25, kimanin cokali shida. Rabon yaro bai kai haka ba. Yawan shan zaƙi ne ya sa a 2022 Gwamnatin Tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa sukari.

Yadda Zaƙi Ke Cin Haƙori

A bakin kowane mutum akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna manne a jikin haƙora. Idan sukari ya shiga baki sai su ci shi, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye farin ɓawon haƙori. Yawu yakan wanke wannan tsami ya gyara wurin, amma yana bukatar kimanin rabin awa ko fiye. Yaron da ke jefa minti a baki ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har dare bai ba yawu damar yin aikinsa ba. Saboda haka yawan maimaitawa yana da illa kamar yawan abin da aka sha. Alawa mai danƙo, irin su iloka da hanjin ligidi, ta fi daɗewa a tsakanin haƙora.

Wasu iyaye kan ce ai haƙoran nono ne, za su zube wasu su fito. Wannan kuskure ne. Haƙoran nono guda ashirin su ke riƙe wa na dindindin gurbi, kuma turamen farko na dindindin kan fito tun yaro yana da shekara shida, a can ƙurya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Idan suka ruɓe babu wasu a madadinsu. Ciwon haƙori kuwa yana hana yaro barci da cin abinci da zuwa makaranta.

Abin Da Ake Yi A Wasu Ƙasashe

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake fama da wannan matsala ba. A Ingila da Amurka, lokacin bikin Ista, akan ɓoye ƙwai a cikin lambu yara su yi ta nema. Yawancin ƙwan na roba ne da ake buɗewa a zuba alawa a ciki, ko kuma na cakulan. Iyaye da yawa a can sun koma sa kuɗi, ko kayan zane, ko ƙaramin abin wasa a cikin ƙwan, kuma wasan bai rage armashi ba, domin murnar yaro tana wajen samun kyautar ne. Shawarwarin da ke biye sun shafi iyalan Kirista da ke zaune a Azare lokacin Ista da Kirsimeti, kamar yadda suka shafi Musulmi a Sallah ƙarama da babba.

Abubuwan Da Za A Bayar

1. Abin ci. Dafaffen ƙwan kaza ko na zabuwa, kilishi, dambun nama, awara, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da aya duk suna gina jiki, kuma ana samunsu a kasuwar Azare. 'Ya'yan itace na lokaci, kamar lemo, mangwaro, gwaiba, kankana, goruba da magarya, sun fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. Dabino yana da amfani, amma yana da zaƙi da danƙo, sai a ba da biyu ko uku.

2. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A ba su ƙwallo babba, ko 'yar tsana ta ƙyalle, ko hula, ko littafin hotuna, ko ƙaramin kofi da cokali nasu na kansu.

3. 'Yan firamare da 'yan makarantar allo. Fensir, biro, littafin rubutu, fensirin kala, sabon allo, alƙalami da tawada, igiyar tsalle, awarwaro, ribom, mataji, buroshi da man goge baki. Asusun ƙasa yana daga cikin mafi amfani, domin a ciki yaro zai zuba kuɗin da ya samo a yawon Sallah, maimakon ya ƙarar da su a teburin mai alawa.

4. Samari da 'yan mata. Waɗannan sun wuce minti, kuma suna son a nuna an san sun girma. A ba su turare, agogo, tocila, ɗankwali, lalle, zare da allura don ɗinkin hula, ko littafin karatu irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Kaza budurwa, ko tattabaru biyu, ko dashen mangwaro, kyauta ce da za ta kai wata Sallah tana amfani, ta kuma koya wa mai ita tattali.

Wanda ba shi da hali kada ya matsa wa kansa. Kuɗin kwalin minti ɗaya zai sayi fensir masu yawa, kuma sa albarka da fara'a su ma kyauta ne.

Abubuwan Da Za A Kiyaye

(a) Duk abin da zai shige bakin yaro ɗan ƙasa da shekara uku, kamar tsabar kuɗi, maɓalli, dutsen ado ko fasasshen balan-balan, yana iya shaƙe shi. Gyaɗa da aya ma kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyar sai an daka.

(b) Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ke cikin agogo da kayan wasa masu walƙiya, yana ƙona maƙogwaro cikin awa biyu idan aka haɗiye shi. A garzaya da yaron asibiti nan take, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

(c) Bindigar wasa mai harsashin roba da abin fashewa na wasa suna iya tsiyayar da ido, su kuma tayar da gobara. Kada a saya, kada a bayar.

(d) Wani kwallin yana ɗauke da gubar darma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A guji sa wa yara.

(e) Duk abin ci na cikin leda ko kwali, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da zai lalace kafin a saya.

Idan Yaro Ya Dawo Da Alawa

Ba a ce a ƙwace a zubar ba, domin hakan zai ɓata masa Sallah, ya kuma koya masa ɓoyewa. Uwa ta karɓa ta ajiye, ta riƙa ba shi kaɗan bayan cin abinci, sa'an nan ya kurkure baki da ruwa. Ya goge haƙora sau biyu a yini, musamman kafin barci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid: kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara uku, kamar ƙwayar wake ga wanda ya fi haka. Asuwaki ma yana taimakawa. Idan an ga baƙin ɗigo ko rami a haƙori, ko kumburin dasashi, a kai yaro asibiti mafi kusa ko babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare. Kada a cusa masa ƙwaya ko wani gari a cikin ramin.

Kammalawa

Gida ɗaya ba zai iya gyara wannan al'amari shi kaɗai ba, tun da daga gidaje da yawa alawar ke taruwa. Ana roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai, malaman makaranta da ƙungiyoyin mata su yi wa jama'a bayani tun kafin Sallah ta zo, dangi kuma su yi shawara a tsakaninsu kan abin da kowane gida zai bayar. Rigakafi ya fi magani.