Me ya sa sauka daga dutsi ta fi hawa wuya?

Duk wanda ya je Damagaram ya ga manyan duwatsun da ke wajen unguwar Birni. Waɗansu sun fi ɗaki girma, sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Da faransanci ana ce wa irin wannan dutsi granit.

Sa'ad da nake aji biyar a lakwal, ni da abokaina uku muka tafi hawan ɗaya daga cikinsu. Ran wata lahadi ce cikin watan afirilu. Ba mu faɗa wa kowa a gida ba, ba mu ɗauki ruwa ba. Kafin hantsi mun kai bisa, muna kallon gari, muna ta murna. Sai da rana ta take muka fara sauka. Ƙaramin cikinmu ya zame, ya faɗi, ƙafarsa ta karye.

Yara, kun san dalili? In mutum yana hawa, idonsa ne ke gaba. Yana ganin inda zai kama, ƙafa kuma tana bin wurin da ido ya riga ya gani. In yana sauka kuwa, ƙafa ce ke gaba. Tana lalube a wurin da ido ba ya gani sosai, ga nauyin jiki yana jan mutum ƙasa, ga gajiya.

Shi ma dutsin yana da nasa hali. Da rana yana ɗaukar zafi ya ɗan buɗe, da dare ya huce ya tsuke. Shekara da shekaru ana haka, ruwan damina kuma yana shiga tsagoginsa, har bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ɓawon nan yana farfashewa ya zama ƴan tsakuwa da yashi. Su ne suka gangara ƙarƙashin takalmin robar abokinmu.

Sai zafi. A afirilu da mayu, ko cikin inuwa zafin Damagaram yakan wuce digiri 40. Dutsin da ke rana ya fi haka ƙuna. Wurin da muka dafa da safe, da azahar hannu ba ya iya taɓa shi. Ƙishirwa kuma ta sa mu jiri.

Amma babban kuskurenmu ya zo bayan faɗuwar. Tsoron faɗan gida ya kama mu, muka ɗaga shi tsaye, muka ce ya daure ya taka. Har ɗayanmu ya ja ƙafar, wai zai gyara ta! Wannan yana ƙara ɓarna, domin bakin karyayyen ƙashi yana yankan nama da jijiyoyi. Abin da ya kamata shi ne a bar shi kwance, a yi masa inuwa da riga. Ɗaya ya zauna tare da shi, ɗaya ya ruga ya kira babba. In kai ko baya ne ya bugu, kada ma a motsa shi.

Wani makiyayi ne ya ji kukanmu. Ya ɗaure ƙafar tsakanin sanduna biyu da rawaninsa, sannan aka samo amalanke aka kai yaron likita.

Masu sana'ar hawan dutsi suna ɗaura igiya, suna fita da sassafe da ruwansu. A wuri mai santsi suna juyowa su fuskanci dutsin, su sauka da baya. Gaɓa ɗaya kawai suke ɗagawa, sauran ukun suna riƙe. Suna yin hattara kafin su cusa hannu cikin tsaga, saboda maciji da kunama.

Abokinmu ya yi wata biyu bai je lakwal ba. A shekarar nan sai da ya maimaita aji.