Yadda Gurbin Adireshi Ɗaya Ya Cinye Fayil Miliyan 34

A tsakiyar Disamba na 2021, babbar kwamfutar bincike ta Jami'ar Kyoto da ke Japan ta share kimanin fayil miliyan 34, masu nauyin terabayit 77, mallakar rukunin masu bincike 14. Huɗu daga cikin rukunan nan ba su sake ganin wani sashe na aikinsu ba. Abin da ya yi ɓarnar wata 'yar manhaja ce ta kamfanin Hewlett Packard Enterprise, wadda cikin aikinta har da kwashe tsofaffin fayilolin rahoto da suka haura kwana 10.

Kowane fayil yana da adireshi, kamar yadda ake cewa gari kaza, unguwa kaza, gidan wane. Masu rubuta manhaja kan bar gurbi a adireshin, sai lokacin aiki a cike shi da sunan jakar da ake nufi. A Kyoto, an sabunta manhajar tana tsakiyar aiki, ta ɗauki sabon rubutun daga tsakiya, inda gurbin ya zo babu komai. Adireshin ya tsaya a bakin babbar ma'ajiyar da ake kira LARGE0, sharar kuwa ta bi ta kan fayilolin masu bincike da ke cikinta. Kamfanin ya amsa laifinsa, amma aikin gama ya gama.

Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan na faruwa kullum a ƙananan ɗakunan bincike ba wanda ya ji labari. Ɗalibi zai kunna lissafin da ke cin mako guda, manhajar ta zuba sakamako a duk jakar da aka tashe ta, da sunan da ta yi amfani da shi jiya, sabo ya hau kan tsoho. Ga kuma saɓanin Windows da Linux: ɗaya na raba sassan adireshi da sandar da ta karkata baya, ɗayan da mai karkata gaba.

Gyaran bai kai ciwon kai ba. Tun kafin lissafi ya fara, manhaja ta duba ko jakar na nan, ko tana da izinin rubutu a ciki, ta nuna cikakken adireshin a allo. Idan gurbi ya zo fanko, ta tsaya cak. Idan ta tarar da fayil mai suna iri ɗaya, ta tambaya tukuna, ko ta buɗe sabuwar jaka mai ɗauke da kwanan wata da lokaci.